Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina son in manta, da ranar da Inna ta kira sunana a gaban jama'ar Dakoro. Wani zai ce to mene ne abin labari don uwa ta kira sunan 'yarta? Ni ce 'yar fari. Tun da na buɗe ido na san kaina, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke," in tana ba da labarina sai ta ce "yayar Rabi," in kuma na ɓata mata rai sai in koma "waccan." Ko ranar da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito, unguwa ta cika da murna, ita tana bakin murhu tana juya tunkuza kamar 'yar maƙwabta ce ta ci jarrabawa. Ban taɓa jin haushi ba, don na san kunya ce, kuma na san da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin nan nata aka kai ni Yamai.

A fakulte, wato jami'a, na karanta sosiyoloji. Da Baffa Isufu, ƙanin marigayi babanmu, ya tambaye ni ko wane irin karatu ne wannan, na ce masa ilimin zaman jama'a ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe sai an tahi Yamai ake iya zama da mutane?" Na yi dariya a lokacin, irin dariyar wadda take ganin ta fi kowa sani. (Ina da irin wannan dariyar da yawa a wancan zamani. Yanzu duk sun ƙare.)

Na dawo gida da lisans, digirin farko, na yi bautar ƙasa, na yi istaj, koyon aikin da ba a biyan ko sisi, sannan na shiga babbar sana'ar masu difilom, wato kai dosiye, takardun neman aiki. Duk ƙofar da na ga babbar mota kat-kat a gabanta sai na ajiye takarduna. Mai fotokofi na kusa da tasha ya haddace ranar haihuwata. Akwai wata takarda da kotu ke bayarwa, mai shaida cewa ban taɓa yin sata ba, wadda ke mutuwa bayan 'yan watanni, sai in koma in sake karɓo wata. Na sabunta ta har na fara tunanin ko alƙali yana mamakin yadda har yanzu ban yi satar ba. Tsakanin wannan dosiye da wancan ina taya Inna matsar mai, amma daga can ƙuryar gida, inda mai shigowa saye ba zai hango ni ba.

Da a ce ni kaɗai abin ya shafa, da na haƙura na ci gaba da ɓuya. Amma akwai Rabi, ƙanwata. Rabi ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, wannan ko a gaban maƙiyina zan faɗa. Tun tana ƙarama, in an yi hutu muka je Korahane wajen Baffa, ni ina inuwa ina ƙorafin ƙudaje, ita tana cikin garke tana buɗe bakin maruƙa tana leƙawa. Likitar dabbobi take son zama, ba ta taɓa canza magana ba. A shekarar da nake ba ku labari ta ci bak, kuma tafiyarta Yamai ba za ta yiwu ba sai an sayar da saniya daga cikin 'yan shanun da babanmu ya bari a hannun Baffa. Da Inna ta kai masa maganar, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Bari dai mu ga abin da ta farko ta kawo." Ta farkon kuwa ni ce. Ga lokacin rajista yana matsowa, ga ni ina matsar gyaɗa.

Ana cikin haka wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara, hannuna duk mai. Wani mutum ne da faransanci mai santsi. Ya ce akwai sabon furoje da za a buɗe a garin, wato shiri na tallafa wa karatun 'ya'ya mata, dosiyena yana wurinsu, kuma suna bukatar 'yan mata masu ilimi da suka iya faransanci. Ya ce in zo da sassafe ranar buɗewa, in nemi Madam. Ni kuwa me na ce? "Wi mushe. Mersi mushe. Mersi boku mushe." Har ya kashe wayar ina ta mersi.

A nan nake son ku tsaya ku dube ni da kyau. Ni fa karatun yin tambaya na yi. Shekaru aka kwashe ana koya mana yadda ake shiga ƙauye a zauna da mutane a yi ta tambaya har sai an gano gaskiyar magana. Na tambayi matan karkara abin da suke ci da abin da suke sha, na tambayi makiyaya inda suke shayarwa. Amma mutum ya kira ni a kan rayuwata, ban iya cewa "wane aiki ne?" ba. Ina ganin tsoro na ji. Na daɗe ina jiran kiran, ban so in taɓa shi da tambaya ya fashe ba.

Na je na tsaya a bayan Inna na ce, "Inna, an kira ni aiki." Ba ta juyo ba. Ta ce, "To." Amma kwalbar da take cikawa ta cika ta tumbatsa, mai yana bin yatsunta yana zuba ƙasa, ita da ba ta yarda ko ɗigo ya salwanta. Kafin la'asar unguwa ta ji. Kafin ranar kasuwa labari ya isa Korahane, kuma a hanya ya yi ƙiba, don ya bar gidanmu ina ma'aikaciya, ya isa can ina direktiris, shugabar wurin. Inna ta aika wa Baffa cewa ya zo ya gani da idonsa. Na ji an yi aiken, ban hana ba. Gaskiya ma daɗi na ji, har na kwana ina shirya irin kallon da zan yi masa.

Ranar na fito da shaddar da na sa lokacin kare memwar, kundin gama karatuna, da takalmi mai tsini da ban saba da shi ba, da jaka a kafaɗa. Matan unguwa suna ta "Allah shi sa alheri." Na isa wurin, an kafa rumfuna, ana jera kujeru, makaɗa suna gwada ganguna. Na tambayi Madam, aka nuna min wani ɗaki a bayan ginin. Ina shiga na tarar da 'yan mata cike, wasu suna ɗaura zani, wasu suna shafa hoda, duka cikin atamfa iri ɗaya mai tambarin furoje. Na ɗauka ɗakin na ɓata. Na juya zan fita sai wata mata mai tabarau ta kama hannuna, ta dube ni daga sama har ƙasa kamar mai taya akuya.

"Ke doguwa ce," in ji ta. "Ke za ki riƙe almakashi. Cire wannan shaddar, ga naki nan."

Na ce, "Madam, ina jin akwai kuskure. Ni lisans gare ni. Dosiyena..."

"Madalla. Shi ya sa za ki tsaya kusa da manya, in sun yi maki faransanci ki amsa. Yi sauri."

Wato masu tarbar baƙi ake nema, na yini ɗaya, masu nuna wa manya kujera da miƙa ruwa. Sun buɗe tarin dosiyen da muka kai, sun zaɓo mu daga hotuna. Wadda ta taya ni ɗaurin ɗankwali ta ga idona ya cika, ta raɗa min cewa in daure, ita mastar gare ta, digiri na biyu, kuma wannan ne karo na ba-ta-san-adadi da take yi. Ta ce wani lokaci shugaba yakan lura da mutum.

Me ya sa ban ajiye musu atamfarsu na tafi ba? Na sha yi wa kaina wannan tambayar. Na leƙa ta taga ne, na hango su a rumfar baya. Inna da sabon mayafi tsakiyar matan unguwa. Baffa da rawaninsa da babbar rigar da sai ranar Idi yake fito da ita, ya baro shanunsa ya yi sammako daga Korahane. Rabi a gefensa tana ta miƙa wuya tana nemana. In na fita ta baya na gudu, me zan ce? In na je na faɗa musu gaskiya, da wane baki? Sai wata dabara ta wawaye ta zo min, wai ƙila ba za su gane ba. In sun gan ni kusa da manya, shi ke nan, Baffa ya koma ya sayar da saniya, daga baya na san yadda zan yi. Na sa atamfar.

Aka fara jawabai. Ni ina tsaye a rana a gefen dandali, riƙe da faranti an shimfiɗa masa farin ƙyalle, almakashi a kai. Babban baƙon da ya zo daga Yamai ya yi magana mai daɗi ƙwarai, ana fassarawa da Hausa. Ya ce 'ya mace in ta yi karatu mai zurfi ba za ta taɓa zama a banza ba, ita ce za ta riƙe gida ta riƙe ƙasa. Aka yi tafi. Ni ban samu na tafa ba, hannuwana suna riƙe da ƙasa, wato faranti. Takalmin nan kuwa yana nutsewa cikin rairayi, gumi yana bin bayana.

Da lokacin yanke ƙyalle ya yi, Madam ta dungure ni a baya. Na fito ni kaɗai, na ratsa tsakiyar fili, makaɗa suka saki kiɗa, masu ɗaukar hoto suka taso, manya suka miƙe tsaye suna jirana. Ku duba abin nan da idon Inna. 'Yarta ta fito ita kaɗai, ana yi mata kiɗa, manyan ƙasa sun tashi tsaye. Me kuke so ta ɗauka?

Sai na ji guɗa daga rumfar baya. Na san muryar, amma ban taɓa jin ta da wannan ƙarfin ba. Inna ce tsaye, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa har sau biyu, sannan ta kira sunana. Cikakke, har da na babana. "Ɗiyata ce!" in ji ta. "Jama'a ɗiyata ce, ni na haife ta!" Matan unguwa suka riƙe baki, don sun san abin da ta karya, sannan su ma suka ɗauki guɗa. Fili duka ya juya yana kallonsu, ya juyo yana kallona.

Ban taɓa sanin haka sunana yake a bakinta ba. Wani ja take yi masa a ƙarshe, ba kamar yadda kowa ke faɗa ba. Farantin ya karkace, almakashin ya zame daga faranti ya faɗi cikin ƙasa. Na durƙusa na ɗauka, na goge shi da gefen zanina, na mayar. Babban baƙo ya yi murmushi, ya ɗauka ba tare da ya dubi fuskata ba, ya yanke ƙyalle, ya mayar min da abina. Aka yi tafi, manya suka shige ciki ganin ofisoshi, aka bar ni a fili. Sai muryar Madam, wadda ba ta bukatar lasifika: "Ke mai almakashi! Ajiye wannan, ɗauki ruwa ki kai ma mutanen baya."

Mutanen baya kuwa su ne nawa.

Na ɗauki bokitin ruwan leda na bi layi ina miƙawa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Dakoro takalmina kawai take haɗiyewa. Na isa rumfar da ta cika da guɗa ɗazu. Na miƙa wa Inna, ba ta karɓa ba, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta tana kallon ƙafafunta. Wata maƙwabciyarmu, don ta gyara, ta ce, "Ai ko riƙon almakashin manya ba kowa ake ba ba." Da ta yi shiru da ya fi min sauƙi. Na iso gaban Baffa na durƙusa, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya juya ledar a tafinsa.

"Ɗiyata, shi ne aikin?"

"Na yau ne kawai, Baffa."

"Gobe hwa?"

Na miƙe na ɗauki bokitina. Ya ce, "Allah shi yi maki albarka," ya sa ruwan a aljihu bai sha ba. Rabi ba ta dube ni ba sam, Inna take kallo.

Da aka tashi aka ce kowa ta tafi da atamfarta, kyauta ce. Na koma ɗakin baya na mayar da shaddata, na bi ta lungu na koma gida, takalmi a hannu. Na tarar Baffa yana zaune a tabarma a tsakar gida, an ajiye masa fura bai taɓa ba. Na shirya jin kowace irin magana, na san na cancanta. Amma abin da ya faɗa ba shi na zata ba.

"Na gani da idona," in ji shi. "Ban ce karatu banza ne ba, don na ji yadda ake maganar a wurin, kuma na ga ba ki ji tsoron manyan nan ba. Amma na ga abin da na gani. Saniya dai ta ubanku ce, ba tawa ba. In Rabi ta ce tana son tahiya, ranar kasuwa in kawo ta a sayar."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina ashe kunyar da na sha ba ta tafi a banza ba. Na juya ina yi wa Rabi murmushi, ita kuwa kanta yana ƙasa.

"Baffa, a bar saniyar," in ji ta. "Na fasa."

Na bi ta ɗaki kamar zan cinye ta. Duk jawabin da babban baƙo ya yi na maimaita mata, har da ƙari. Na ce karatunta ba irin nawa ba ne, ƙasar nan dabbobi sun fi mutane yawa, likitar dabbobi ba za ta rasa abin yi ba. Na ce kada ta dubi faranti, faranti na yini ɗaya ne. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Yaya, ni ba farantin ya dame ni ba. Fuskar Inna na gani lokacin da kika miƙa mata ruwa. In saniyar ta tahi, Inna ta ƙara shekaru tana matsar mai da wannan bayan nata, ni ma na dawo ina yawo da dosiye, mi za mu ce mata? Ke kin tabbata ba haka za a yi ba? Ki rantse mani."

Na buɗe baki. Ni da na iya kare memwar a gaban malamai, na kasa rantsuwa a gaban ƙanwata. Abin da ya fi ci min rai har yau ke nan, don ina ganin da na rantse da ta tafi, kuma ina ganin da ta dace. Amma a ranar, da tabon ɗaurin ɗankwalin furoje a goshina, ban ga abin da zan dafa in rantse ba.

Rabi ta koyi ɗinki. Yanzu tana da shago kusa da tasha, da kekuna da 'yan koyo, kuma ita ta ce Inna ta daina matsar mai sai dai don marmari. In za a buɗe sabon furoje, sau da yawa ita ake kai wa ɗinkin atamfar masu tarbar baƙi (takan ce min in ina sha'awa ta ajiye min guda, ni kuma in jefe ta da abin da ke hannuna). Ni daga baya na samu koyarwa ta kwantiragi a wani ƙauye ta wajen Birnin Lalle, ina koyar da faransanci, albashi yana zuwa in ya ga dama. 'Yan matan ajina sukan tambaye ni, "Madam, in mun gama mi za mu zama?" Ina ce musu su yi karatu, kuma har zuciyata nake faɗa, don ban taɓa nadamar abin da na sani ba. Sai dai ban ƙara yi wa kowa alkawarin kujera ba.

Abin da ba na iya kallo shi ne in saniyar Baffa ta yi ciwo ya sayo magani ya kawo wa Rabi ta duba masa. Yadda za a ba da maganin layi biyu ne, amma sai ta tsayar da keke, ta warware 'yar takardar nan da ke cikin kwali, ta karanta ta tun daga sama har ƙasa, ta juya baya ta karanta, bakinta yana motsi. Baffa yana jira, masu ɗinki suna jira. In na tarar da haka sai in ce zan je sayen katin waya, in fita.

Inna ba ta taɓa tayar da maganar ranar ba, kuma ba ta sake kiran sunana ba. Na koma "ke," na koma "yayar Rabi." Atamfar furoje kuwa ta yanka ta, da ita take rufe tiren ƙuli-ƙuli saboda ƙudaje, tambarin karatun 'ya mace yana sama.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, bai kai a je Yamai ba. In an kira ka a waya aka ce ana bukatarka, kafin ka fara mersi ka tambaya a wane aiki, kuma kada ka faɗa wa mahaifiyarka sai ka ji kujera a ƙarƙashinka. Ni ban yi haka ba. Inna ta adana sunan nan tun ranar da aka raɗa min shi, ba ta taɓa taɓawa ba, tana jiran ranar da ta isa. Sau ɗaya ta fito da shi a duniya, ni kuma na sa ta kashe shi a kan almakashi.